Me ya haɗa masaƙi da fukafukan Lambar Rimi?

Duk wanda ya taso daga Bauranya a ƙaramar hukumar Kusada, ya hau titin Kano zuwa Katsina, ya wuce Kankiya da Caranci, zai tarar da wasu dogayen turakun ƙarfe a Lambar Rimi, kowanne ɗauke da fukafukai biyu.

Waɗannan su ne injinan samar da wutar lantarki daga iska, guda 37, da kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa ya kawo. Kowanne na da ƙarfin kilowat 275, wato kimanin megawat 10 ke nan idan an haɗa su.

An sha yin magana a kan jinkirin shekaru da aikin ya gamu da shi, musamman bayan da 'yan bindiga suka sace wani injiniyan kamfanin a garin Rimi a watan Disambar 2012.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne da me aka ƙera fukafukan. Mutane da dama sun ɗauka ƙarfe ne, alhali kuwa asalinsu ƙyalle ne.

Kamar kusan dukkan injinan iska na zamani, akan yi fiffiken ne da ƙyallen zaren gilas, wani saƙaƙƙe, wani kuma zare ne aka jera aka ɗinke. A shimfiɗa shi hawa-hawa a cikin mazubi, a ɗura masa wani ruwan danƙo da ake kira rezin, a bar shi ya sandare. Idan ya fito ba shi da nauyin ƙarfe, ga ƙwari, kuma ba ya tsatsa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maginin gargajiya. Laka ita kaɗai tsagewa take yi, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, amma idan aka kwaɓa su tare sai a sami katangar da za ta shekara da shekaru. A wannan haɗi na zamani, zare shi ke ɗaukar nauyi, danƙo kuma ya riƙe shi a inda aka ajiye shi.

Da irin wannan haɗi, amma na zaren kabon, aka yi kimanin rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787, wanda kamfanin jiragen Habasha ya riga kowa samu a Afirka a shekarar 2012. A jirgin Airbus A350 kuwa kason ya kai 53 cikin 100.

To amma zare ba ya da ƙarfi sai ta tsawonsa. Idan ya goce daga inda injiniya ya tsara masa, ko ƙyallen ya tattare a cikin mazubi kafin danƙo ya sandare, to an binne rauni a cikin fiffike, kuma ido ba zai gan shi daga waje ba.

Kuskure mai tsada

A watan Yunin 2023 darajar hannun jarin kamfanin Siemens Energy na Jamus ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a yini guda, bayan da ya sanar cewa an gano lahani a wasu injinan iska na reshensa, Siemens Gamesa. Cikin abubuwan da kamfanin ya ambata har da tattarewar zare a cikin fukafukai.

Daga baya ya ƙiyasta cewa gyaran zai ci kuɗi euro biliyan 1.6.

Ko a shekarar 2009 ma sai da Boeing ya dakatar da ƙera wani sashe na gangar jikin 787 a wata masana'anta a Italiya, saboda an gano 'yan ƙananan tamoji a cikin hawa-hawan zaren.

Dalilin haɗarin shi ne, miƙaƙƙen zare yana jure matsi, lanƙwasasshe kuwa ya riga ya fara durƙushewa. Fiffiken injin iska yana juyawa dare da rana na tsawon shekaru 20 ko fiye, yana lanƙwasuwa yana miƙewa miliyoyin lokuta. Duk inda zare ya tattare, daga nan tsagewa ke farawa.

Wannan ne ya sa masana suka duƙufa wajen koya wa kwamfuta ta hango yadda ƙyalle zai kwanta a cikin mazubi tun ba a yanka shi ba.

Takarda, ƙwarya da ɗankwali

Mai karatu zai iya gwada tushen matsalar a gida.

A ɗauki takarda a naɗe ta a jikin gwangwani, za ta kwanta lafiya lau. A kifa ƙwarya a yi ƙoƙarin lulluɓe bayanta da takardar, ba za ta taɓa kwanciya ba sai ta cukuikuye ko ta yage. Gwangwani ta fuska ɗaya ya lanƙwasa, ƙwarya kuwa ta kowace fuska.

Yanzu a kawo ɗankwali a ɗora a bayan ƙwaryar a shafa shi da hannu. Zai kwanta har wani wuri mai nisa kafin ya soma tattarewa a gefe.

Ba don zarensa ya talu ba ne. Saƙa zare biyu ce: na tsaye da aka ja a kan masaƙa, da na kwance wanda ƙoshiya ke ratsawa da shi. A shimfiɗe, biyun suna gittawa ne a kusurwa mai digiri 90. Idan aka ɗora su a kan abu mai tudu, sai kowace mahaɗa ta ɗan juya, 'yan murabba'an da ke tsakanin zare su karkace, su tsuke ta wani ɓangare su yi tsawo ta wani, kamar yadda idanun raga ke yi idan aka ja ta ta kusurwa.

Kowane tela ya san wannan ko da bai ba shi suna ba. Yadi ba ya biyuwa idan aka ja shi ta tsawo ko ta faɗi, amma a ja shi a karkace sai ya biyo.

Zaren kabon ya fi na auduga taurin kai ta wannan fuska, domin ko kashi biyu cikin 100 na tsawonsa ba ya iya ƙarawa sai ya tsinke. Don haka karkacewa ita ce kusan hanya ɗaya tilo da ƙyallensa ke da ita ta bin siffar mazubi.

Karkacewar kuma tana da iyaka. Yayin da murabba'an ke tsukewa, zare yana matsowa kusa da ɗan'uwansa har su haɗe babu sauran fili. Daga nan ƙyallen ya ƙi gaba, idan aka matsa masa sai ya tashi sama ya yi ninki. Saƙar ɗaya-sama-ɗaya-ƙasa, irin wadda aka fi sani a masaƙar gargajiya, ta fi saurin kaiwa wannan iyaka. Saƙar satin, wadda zare ke tsallake huɗu ko bakwai kafin ya nutse, ta fi sauƙin bi.

Daga ɗinki zuwa lissafi

Wanda ya fara mayar da wannan batu lissafi shi ne Pafnuty Chebyshev, shahararren masanin lissafi ɗan ƙasar Rasha, a wata lacca da ya gabatar a birnin Paris a shekarar 1878 a kan yankan tufafi.

Ya ɗauki ƙyalle a matsayin raga wadda zarenta ba ya taluwa, amma mahaɗarta na iya juyawa, ya nuna yadda za a lissafa kwanciyarta a kan ƙwallo.

A shekarar 1956 wasu masana biyu, Mack da Taylor, suka wallafa irin wannan lissafi a mujallar cibiyar nazarin saƙa ta Birtaniya. Da kwamfuta ta yawaita, shi aka mayar manhaja, kuma har yau ana amfani da shi a masana'antu.

Aikinsa ba wuya. Injiniya zai nuna wa kwamfuta wurin da ma'aikaci zai fara ɗora ƙyalle, da fuskar da zaren tsaye da na kwance za su dosa. Daga nan ita ce za ta bi mahaɗa bayan mahaɗa, ta gano inda kowacce za ta sauka. Cikin daƙiƙu kaɗan sai ta fito da hoton mazubin, ta shafa ja a wuraren da karkacewa ta yi yawa, ta kuma zana siffar da za a yanka ƙyallen a shimfiɗe don kada a yi asara.

Sai dai wannan hanya tana da babban giɓi: ba ta san da wane irin zare take aiki ba. Amsar da za ta bayar a kan alawayyo ita za ta bayar a kan ƙyallen kabon mai kauri. Ba ruwanta da nauyi, ko santsi, ko ƙarfin da aka ja gefen ƙyalle da shi. Tana iya cewa ga inda ake fargaba, amma ba ta iya nuna ninkin kansa, balle girmansa.

Hanya ta biyu ta fi zurfi, ta kuma fi cin lokaci. Akan raba ƙyallen a cikin kwamfuta zuwa dubban 'yan gutsattsari, a gaya mata yadda kowanne ke amsa ja, da karkatawa, da lanƙwasa, da gogayya da maƙwabcinsa. Sannan a sauko da mazubi a kansa sannu a hankali, tana lissafa ƙarfin da ke kan kowane gutsure a kowane mataki. Da wannan dabara ce ake kwaikwayon karon mota kafin a ƙera ta. Gwaji ɗaya na iya ɗaukar sa'o'i.

Sirrin tsintsiya

A nan ne lanƙwasa ta zame wa masana ƙarfen ƙafa.

Idan aka san ƙwarin farantin ƙarfe wajen ja, aka san kaurinsa, to lissafi zai bayar da ƙwarinsa wajen lanƙwasa kai tsaye. Manhajojin da aka rubuta don ƙarfe duk a kan wannan ƙa'ida suka ginu.

Ƙyalle bai san wannan ƙa'ida ba. A ɗauki ɗaurin tsintsiya: ba mai iya tsinka shi da ja, amma yaro ma zai lanƙwasa shi, domin tsinkayen suna zamewa a jikin juna. Sanda mai kauri ɗaya da shi ba za ta lanƙwasu haka ba.

Zaren kabon tsintsiya ce ta gaske. Sili ɗaya ya fi gashin kan mutum siranta kusan sau goma, kuma a cikin zare guda da ido ke gani akan sami sili 3,000 ko 12,000 ko ma fiye, kowanne na iya zamewa.

Idan aka ba manhajar ƙarfe irin wannan ƙyalle, sai ta ɗauke shi tamkar kwano, ya ƙi kwanciya sam. Don kauce wa haka, masu binciken farko suka yi watsi da lanƙwasa gaba ɗaya, suka ɗauka ƙyalle ba shi da wani ƙwari ta wannan fuska. Sakamakon shi ne kwamfuta ta riƙa zana ɗimbin 'yan ƙananan tamoji da ba su yi kama da abin da ake gani a masana'anta ba.

Ayarin Farfesa Philippe Boisse na cibiyar INSA da ke birnin Lyon a Faransa na cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli. A wani bincike da suka wallafa a shekarar 2011 sun nuna cewa ƙwarin lanƙwasa, duk da ƙanƙantarsa, shi ke yanke yawan ninki da girmansa: ƙyalle mai laushi yakan yi ƙanana da yawa, mai tauri kuma ya yi manya kaɗan.

Sun kuma nuna cewa kaiwa iyakar karkacewa ba ita kaɗai ke haifar da ninki ba. Idan aka riƙe gefen ƙyalle aka ɗan ja shi yayin da mazubi ke sauka, yana iya karkacewa sosai bai tattare ba. Mai ɗaura ganga ya san haka game da fata.

Amfanin wannan ga masana'anta a fili yake. Maimakon a ƙera mazubi na miliyoyin kuɗi sannan a gano ƙyalle ba ya kwanciya a cikinsa, sai a gwada sau hamsin a kwamfuta: a sauya wurin farawa, a sauya saƙa, a ƙara ja a wannan gefe, a tsaga ƙyallen a wancan.

Akwai kuma wata riba. Inda ƙyalle ya karkace, yakan ƙara kauri, ramukansa su tsuke, danƙo ya sha wuyar ratsawa. Wurin da danƙo bai kai ba ya zama busasshen tabo, wanda shi ma rauni ne. Saboda haka sakamakon kwaikwayon shimfiɗa shi ake miƙa wa manhajar da ke lissafa kwararar danƙo, daga nan kuma zuwa wadda ke lissafa ƙarfin fiffiken bayan ya sandare.

Wasu masanan ma sun sauka ƙasa da haka, suna zana kowane zare ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar Nottingham a Ingila ta rubuta manhajar TexGen don wannan aiki, ta kuma sake ta kyauta ga kowa. Jami'ar Leuven a Beljiyam na da tata mai suna WiseTex. Irin wannan lissafi ya zama dole ga sassa masu sarƙaƙiya kamar farfelar gaban injin jirgi samfurin LEAP, da ya fara aiki a shekarar 2016, wadda ake saƙa ta da kaurinta gaba ɗaya a kan masaƙa kafin a ɗura mata danƙo.

Kwamfuta ba ta duba

Duk wannan lissafi bai wuce ingancin alƙaluman da aka ba shi ba, kuma alƙaluman daga awo suke fitowa.

Don auna karkacewa, akan ɗaure ƙyalle a cikin wani firam mai kusurwa huɗu masu juyawa, a ja kusurwa biyu, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi. Ko kuma a yanko tsiri a karkace a ja shi.

Awon lanƙwasa ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi tsufa. Akan tura tsirin ƙyalle a hankali daga bakin teburi har ya sunkuya da nauyin kansa ya kai wani gangare mai digiri 41.5, sai a auna tsawon da ya fito. Wannan ya samo asali ne daga aikin da F. T. Peirce ya wallafa a shekarar 1930, lokacin yana cibiyar Shirley a Manchester.

Cibiyar Shirley kuwa ta binciken auduga ce, masu masaƙun Lancashire suka kafa ta. Wato ilimin da ake ƙera fiffiken jirgi da shi a yau ya tsiro ne a kan auduga, a garin da ya kafa ƙungiyar BCGA a shekarar 1902, wadda ta zo ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa don kwasar audugar ƙasar Hausa zuwa can.

Ko da an yi awo mai kyau, akwai abin da kwamfuta ba ta iya gani. Manyan fukafukai, waɗanda wasunsu sun haura mita 100 a yau, har yanzu da hannu ake shimfiɗa yawancin ƙyallensu. Ma'aikacin safe da na dare ba lalle su shafa shi iri ɗaya ba, kuma bandir biyu daga masaƙa ɗaya ba sa zama daidai wa daida. Shi ya sa kamfanoni ba su daina bincika abin da suka ƙera da na'urar sauti mai ratsa jiki ba.

Ina arewa a ciki?

Za a iya cewa wannan zance ne na ƙasashen da suka ci gaba, ba na yankin da masaƙunsa suka durƙushe ba.

Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a shekarar 1957 ta daɗe da rufewa. UNTL, wadda ta fi kowacce girma, ta dakatar da aiki a Kaduna a shekarar 2007. Kudancin jihar Katsina, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ya yi suna da noman auduga, amma masu sayenta a cikin gida sun ragu ƙwarai.

Sai dai kayan da ake yi da haɗin zare da danƙo sun riga sun shigo. Akwai tankunan ruwa, da ƙubbobin wasu masallatai, da jiragen ruwa na zaren gilas da hukumomi ke kira a maye gurbin kwale-kwalen katako da su. Akwai kuma ƙananan jirage marasa matuƙi da ake ƙera jikinsu da shi, kuma rundunar sojan saman Nijeriya ta shiga wannan fage tun da ta ƙaddamar da Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018 a Kaduna.

Fukafukan Lambar Rimi ma ba za su dawwama ba. Ƙurar hunturu na cin bakinsu, tsawa na iya faɗa musu, kuma facin fiffike ba aikin mai walda ba ne. Sai an kankare wurin hawa-hawa, a mayar da ƙyalle iri ɗaya, zarensa na duban fuskar da na asali ya duba. Wanda bai san dalilin hakan ba zai yi faci mai kyan gani wanda ba zai jure iskar farkon damina ba.

Abin lura shi ne, cikin dukkan matakan wannan sana'a, kwaikwayo a kwamfuta shi ne mafi araha. Ba ya buƙatar masana'anta. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen da ke koyar da injiniyancin saƙa da roba, kuma awon Peirce bai wuce teburi da ma'auni ba.

Inda yankin ke da abin da zai kawo nasa na kansa shi ne zaren tsiro. Kamfanonin motoci sun daɗe suna neman abin da zai rage musu dogaro da gilas da kabon. Toyota da Ford sun yi amfani da zaren rama a bangon cikin ƙofofin wasu motocinsu, Porsche kuma ya fitar da motar tsere a shekarar 2019 mai ƙofofin da aka yi da zaren wani tsiro na Turai da ake yin yadin lilin da shi.

Ramar nan ita ce dai wadda manomin Kusada ke shukawa a gefen gona, a ci ganyenta a kwaɗo, a tufka igiya da ɓawonta.

Zarenta bai kai gilas ƙarfi ba, kuma ba wanda zai yi babban fiffike da ita. Amma murfin inji, ko kujerar mota, ko allon rufi, ba su fi ƙarfinta ba.

Kafin a kai nan sai an kaɗa ta, an saƙa, an auna. Alƙaluman da aka tara a Lyon da Nottingham na gilas ne da kabon da tsiron Turai, ba za a ɗauke su a ɗora wa rama ba, domin silinta gajere ne, kaurinsa ba ɗaya ba, gogayyarsa kuma daban.

Rama tana kuma shan laima. Tsirin da aka auna a Zariya cikin watan Agusta ba lalle ya sunkuya daidai da wanda aka auna a watan Janairu ba, don haka duk mai son kwamfuta ta gaya masa gaskiya a kanta sai ya yi awon a damina, ya sake yi da hunturu.